Simintin da Na Shafa wa Zauren Kaka

Bana shekara goma sha huɗu cif da rasuwar kakana, Malam Tanimu magini na Ƙofar Kibo, Allah Ya jiƙansa. Gwaggo Asabe, 'yarsa da ke zaune a gidan har yau, ta ce da kwana tara a kai, ita kuwa ba a musu da ita.

Mutum ne ɗan firit, iska mai ƙarfi za ta iya kai shi unguwar Kongo ba tare da ya hau mota ba. Amma in ya tsaya a gindin ganuwa yana bayani, sai ka rantse shi kaɗai ya gina ta tsakanin azahar da la'asar. Shi ya nuna mini yadda gindinta yake da faɗi, tana hawa tana tsukewa, don kada nauyinta ya kayar da ita. Ya ce ramukan da aka haƙo ƙasar su ma kariya ne, mahayin da ya tsallake rami sai ya tarar da bango. In damina ta wuce, kowace unguwa takan fito ta gyara nata ɓangaren. "Ba yaƙi ne ya ci ganuwar nan ba," in ji shi. "Ran da aka daina yi mata yaɓe, ran nan ta fara mutuwa."

Abin da ya rage mata a wajenmu yau tudu ne da awaki ke kwanciya a kai. An yashe gefenta an yi cikon fili, gidaje sun hau wani gefen sun zauna daram. Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce in ya gani. Sai dai na san ba da masu haƙa zai fara ba. Da ni zai fara.

Zauren gidanmu shi ya gina shi da hannunsa, ɗaurin guga ne, wato rufin da aka lanƙwasa da azara ya haɗe a tsakiya ba ginshiƙi. Da zafin bazara ka shiga, sai ka ji kamar an saka ka cikin randa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan yi masa yaɓe, ya shafe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga, ya share indararo. Bayan rasuwarsa na riƙe wannan aiki shekara uku. A ta huɗu na duba tumbina, na duba tsani, na ga ba jituwa tsakaninsu. Na kira masu siminti suka lulluɓe zauren, aka buga fenti ruwan madara. Duk wanda ya wuce sai ya ce gida ya waye. Gwaggo kaɗai ta ce, "Baba ya ce siminti a kan ginin ƙasa rigar leda ce, ruwa in ya shiga ba ya fita." Na ce mata zamani ya canja.

Ruwa bai ji labarin canjin ba. Ya riƙa bi ta tsaguwa yana kwanciya a ciki, shekara da shekaru. A daminar bara bango ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga, daga baya wani falle ya ɓalle ya faɗo dab da inda Gwaggo ke shanya kuɓewa. 'Yan'uwa suka taru suka yanke cewa in ba a gyara kafin ruwan bana ba, za a rushe a jera shaguna na bulo. Ba mugunta ba ce, tsoro suke ji kada ya danne wani.

Na nemo Malam Iro a Ƙofar Galadima, wanda ya yi aiki tare da Kaka shekaru masu yawa, yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Ya zagaya zauren yana bubbuga shi da sanda.

"Wane mai basirar ne ya yi wannan?"

Na ce, "Wani ne, Malam, ya bar garin."

Gwaggo daga ciki ta ce, "Ga shi nan tsaye yana tare maka haske."

Malam Iro ya soka wuƙa a azara, ya ce da ranta. Sai dai a kankare simintin kaf, a sake gindin bango da sabuwar ƙasa. Na ce ai ga ƙasa mai kyau nan kusa, ina nuna tudun ganuwa. Ya dube ni har na ji hulata ta yi mini nauyi. "Ka kashe wa kakanka zaure, yanzu kuma ganuwar za ka taɓa?" Daga bayan gari aka kawo ƙasar. Ya ce shi zai nuna, ni zan taka.

Na taka kuwa. Kwana huɗu ina cikin kwaɓi har gwiwa, wando a naɗe, maƙwabtan da suka yaba wa fentina suna tsayawa su yi mini sannu da dariya a bakinsu. Gumin da na zubar ya isa ban ruwan gonar albasa.

Ran da aka ɗaga falle na ƙarshe ta gefen ƙofa, sai ga tsohon yaɓen Kaka lafiya lau, da sawun yatsunsa huɗu a jere, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kamar jiya ya ja su. Gwaggo ta ɗora hannunta a kai. Malam Iro ya ce a bar wannan wurin yadda yake.

Ruwan farko ya sauka, indararo ya zubar, zaure na tsaye, maganar shaguna ta kwanta. Na daɗe ina zaton gini Kaka ya bar mana. Ashe aiki ya bari, wanda ake sakewa duk shekara, kuma ranar da aka gaji da shi zauren zai bi sawun ganuwa. Allah Ya kai haske kabarinsa. Na sayi sabon tsani mai ƙwari, Gwaggo kuma ta riga ta fara ƙirga mini watanni.