Ranar da Aka Gwada Ni da Raina

Mu masu haƙar rijiya a Jandutsi da jikinmu muke awo. In ka buɗe hannuwanka biyu, daga wannan yatsa zuwa wancan, gaba guda ke nan. Daga gwiwar hannu zuwa yatsa kuwa kamu ne. Haka ubana ya koya mini.

Ba a daɗe da zuwan Nasara ba, wani Bature ya tsaya bakin rijiyar da nake haƙa, ya sa tafintansa ya tambaye ni zurfinta. Na ce gaba tara. Ya ce da hannun wa? Na ce da nawa mana!

Sai ya sa dogarai biyu suka buɗe mini hannuwa, ya zaro wani zare mai zane-zane ya gwada ni, har da tsawona, ya rubuta. Jama'a suka ɗauki salati. Matata, da ta kawo mini fura, ta saki ƙwaryar ta fashe. A garinmu gawa kaɗai ake gwadawa, da karan dawa, don a haƙa kabari daidai ita.

Shi ko ya yi murmushi ya hau dokinsa. Yau na tsufa, amma abin bai bar ci mini rai ba. Tsawon kabarina yana cikin littafin wani ƙato, ni mai kabarin ban san ko nawa ne ba.