Jirgin da Bai Yi wa Kaka Usur Ba

Har yau in na ji ƙofar jirgin ƙasa tana ƙara kafin ta rufe, sai kakana ya faɗo mini a rai. Bari in ba ka labarin, ko na samu sauƙi.

Shekarar wasannin Olamfik ce, cikin zafin nan na Guangzhou mai manna wa mutum riga a baya. Ina 'yar firamare. Babana yana saro tufafi a kasuwar Shahe yana turawa Kano, sai Kaka ya zo a duba masa ido. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ƙuruciyarsa a bakin wutar inji ta ƙare yana zuba kwal. Da ya ji akwai wani farin jirgi mai zuwa Shenzhen da lantarki, ba hayaƙi ba toka, sai ya kafe shi fa ba zai koma gida ba sai ya shige shi.

Baba kuwa kullum sai an jima. Yau lodin kwantena, gobe mai shago ya kira. Ana cikin haka aka tsaurara biza, aka ƙi ƙara wa Kaka ko kwana ɗaya. Sai ranar tafiyarsa Baba ya yanko mana tikiti, mu je mu dawo, daga nan sai filin jirgin sama.

Muna zauren jira azahar ta yi. Kaka ya nemi lungu ya shimfiɗa darduma. Baba ya nuna masa agogo, shi kuwa ya yi dariya.

"Ni za ka gaya wa jirgi? Ai sai ya yi usur tukuna, a gama ɗora kaya, direba ya kurɓi shayinsa."

Wa zai ja da shi? Baba ya bi shi salla, ni ina gadin takalma, ina kallo aka rufe ƙofar shiga. Suna sallamewa muka hango jirgin ta gilashi yana sulalewa. Baba ya ruga wajen mai sayar da tikiti, ta ce "mei yo", wato babu, sai bayan magariba, lokacin kuwa dole muna filin jirgin sama.

Kaka ya daɗe yana kasa kunne. Can ya ce, "Wai har ya tafi? Ni ban ji komai ba."

Wallahi ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar. Da damina ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu jiragen sun fi na da gudu, ni ma na shiga ba adadi, in zauna gefen taga ina jin haushin banza. Baba kam har yau in zai je Shenzhen bas yake hawa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.