Tutar da Ta Kwana a Waje

A gyara, a ba da hanya! Ga Barba Stamatis, wato Baba Stamatis, Sarkin Tutar tsibirinmu, tsohon sojan ruwan da ko ɓera bai taɓa harbi ba.

Doka ɗaya ya dawo da ita daga soja: tuta ba ta kwana a waje. Rana na faɗuwa zai hau tsani ya sauke tasa, sannan ya bi gida-gida yana yi wa maƙwabta tsiya: "Tutar ƙasa ce ko shanyar wanki?"

Yanzu gidajen nan duk a kulle, masu su suna Jamus. Ɗansa Lefteris ya zo hutu, ya ɗaura masa sabuwar tuta can ƙololuwar rufi, ya koma, ko waya sai an ga dama. Gwiwar tsoho kuwa ta ƙi tsani. Iskar teku ta yayyaga tutar, shuɗin launinta ya koɗe. Duhu na shigowa sai ya juya kujerarsa ya ba ta baya.

Na tsokane shi: "Barba, yau ma shanyar za ta kwana?"

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce:

"Tsani na bayan ɗaki. In ba hawa za ka yi ba, matsa."