Allon Shagon Auta

A layin masu gyaran babura babu mai kiransa da sunan yanka. Me-Take-Nufi suke ce masa, shi kuma ya amsa ba tare da ya ɗago kai daga gwangwanin fenti ba. Sana'arsa rubuta allunan shaguna, tun zamanin da ba a san injin da ke buga rubutu a kan leda ba. Bokonsa bai yi nisa ba, amma in ya ja layi da buroshi sai ka rantse da abin awo ya yi shi.

Laƙabin nan shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya kawo masa kalmar Turanci, kafin a yi maganar launi sai ya tambaya, "To, me take nufi?" Daga nan ya jawo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire, wanda yake ɗaurewa da robar tayar keke, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Da a nan yake tsayawa da sauƙi. A'a, sai ya taka da ƙafarsa ya je ya ga ko shagon ya ci sunansa. Wani mai aski ya taɓa neman a rubuta masa hygienic. Me-Take-Nufi ya gano tsafta ake nufi, ya je ya ɗaga tawul ɗin mai askin da yatsu biyu, ya ce, "Ka wanke wannan tukuna, fenti ba ya gudu." Kai, mutumin nan akwai taurin kai! Ciniki nawa ya kora da wannan hali, Allah kaɗai Ya sani, kuma matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta yi mita har ta gaji ta zuba masa ido.

Da girma ya kama shi, hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan ne, sai ya riƙa ɗora laifin a kan buroshi. Daga baya ya koma aiki da sanyin safiya kawai, lokacin da hannun ke ɗan yi masa biyayya. Bai gaya wa kowa ba, amma a ransa ya san alluna kaɗan suka rage masa. Burinsa ɗaya ne: kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya, ya rubuta allon ɗansa. Ya yi wa baƙi aiki tsawon rayuwarsa, ina laifin a ce ga rubutunsa a saman ƙofar jininsa?

Sai kuwa Auta, ƙaramin ɗansa, ya kama shagon sayar da kayan babur a ƙarshen layin. Ya shigo rumfar uban da ƙaton allo a ka, baki har kunne.

"Baba, aiki na kawo maka. A rubuta genuine da manyan baƙi, yadda mai wucewa a guje ma zai gani."

Dattijo ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, amma hali zanen dutse. "Me take nufi?"

"Haba Baba, har da ni?"

"Kai ne ma kan gaba."

Aka kwance robar ƙamus. Ya nuna wa Auta cewa u ce ke gaba da i, ba kamar yadda rabin allunan gari suke juya su ba. Sa'an nan ya karanta ma'anar a hankali: na asali, wanda ba jabu ba. Ya sa takalmi ya bi ɗansa shago.

Shago kam ya yi kyau, kantoci cike har sama, kwalaye sai sheƙi. Dattijo ya buɗe kwalin birki, ya juya ƙarfen a tafin hannu. Ya yi shekara da shekaru a tsakiyar makanikai, ba sai an gaya masa jabu ne ba.

"Auta, irin wannan ka sa wa babur ɗinka?"

Auta ya sosa ƙeya. "Baba, kasuwa ce. Kowa haka yake haɗawa, mai kyau da mai sauƙi."

"Ban hana ka ba. In rubuta maka kayan babur kawai?"

"Ni wannan kalmar nake so. Duk layin nan ita ke kawo mutane."

"To ba da hannuna ba."

Ran Auta ya ɓaci matuƙa. Ya ce uban da ya yi wa duniya rubutu shi ne yau zai kunyata ɗansa a gaban maƙwabta. Ya daina biyowa ta gaban rumfar, gaisuwa ma sai ta dole. Abin mamaki, bai je wurin masu injin ba. Ya rataye allon fari fes a saman ƙofa, babu ko ɗigo, kowa ya ci gaba da cin tuwon fushinsa a ɓoye. Dattijo kullum sai ya hangi farin allon daga inda yake zaune, abin yana cin sa, hannun kuma yana ƙara lalacewa. Ya so ya sauko, wallahi ya so. Sau da yawa ya haɗa fenti, sai ya tuna wani zai hau babur da matarsa a baya ya dogara da kalmar da shi ya rubuta, sai ya rufe gwangwanin.

Inna ce ta gaji da su. Ranar da ta ga kofin shayi ya suɓuce daga hannun mijinta, ta yafa mayafi ta nufi shagon Auta. Ba ta yi wa'azi ba, ba ta ma zauna ba.

"Kai da ubanka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku," in ji ta. "Amma ka sani, hannunsa ba zai jira ka ba. Yau ko kofi bai iya riƙewa."

Bayan 'yan kwanaki aka ga Auta yana fito da kwalayen jabun yana lodawa a amalanke, yana tsaki, yana ƙunƙuni cewa an karya masa jari. Kantoci suka koma wayam, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ya sauko da allon ya kai rumfar, ya dire shi ba tare da ya dubi uban ba.

"Ka je ka duba in kana so."

Dattijo bai je ba. Ya dubi fuskar yaron, ya jawo gwangwani. Ya tsoma buroshi, ya ɗaga, sai hannun ya hau kaɗawa, fenti na ɗiga a ƙasa. Ya sake gwadawa, ya kama da ɗaya hannun, ina! Ya ajiye buroshin a hankali, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka makara, ɗan nan," ya ce. "Kai wa masu injin."

Auta ya durƙusa a gefensa, ya ɗauki buroshin ya mayar masa tsakanin yatsu, sa'an nan ya rufe hannun uban da nasa hannun gam.

"Faɗa mini harafin farko, Baba."

"Ja'iri, ka sassauta, za ka karya ni," in ji dattijo. "Mu fara daga sama."