Ranar da Inna ta kira sunana

Damanar da haƙorana na gaba suka zube, wata Laraba bayan azahar, ina cikin ramin yumɓu a bayan garinmu Jiratawa, ni kaɗai, laka har gwiwa, ruwan sama na zuba bisa kaina kamar da bakin ƙwarya. Na ɗaga kai, sama ta koma kamar bakin tulu.

Mu can ƙasar Maraɗi ba mu da dutsi. Namu dutsin a kife yake: ramukan da uwayenmu maginan tukwane suka haƙa tun kakanni, wani sai ya haɗiye rumbu har da jinkarsa. A jikin bangon ake sara matakai da hauya, daidai yatsun ƙafa. Mu ɗiya mata aikinmu ɗebo yumɓu, amma mun maida shi tsere. Ƙwarya cike bisa gammo, a hau da gudu, wadda ta zo ƙarshe ita ke dakan fasassun tukwane da ake cuɗawa cikin laka. Ranar nan ƙawayena sun ga hadari sun tahi. Ni kuwa da taurin kai na zarce wani rami mai nisa, wai yumɓunsa ya hi laushi. Ruwa na sauka, matakan suka narke. In na kama bango sai ya biyo hannuna. Na hau na zame, na hau na zame, farcena ya tsage. Na yi kururuwa har murya ta ƙare, jan ruwan nan ya kawo mani ƙugu.

Ni ce ɗiyar farin Inna, kuma kun san kunya irin ta da. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke", ko "waccan". Ko maƙwabciyarmu Rabi, "mai sunan waccan" take ce mata. Ba ta zuba mani tuwo da hannunta gaban mutane. Ni dai a raina na yanke ba ta sona, shi ke nan.

Can sai na ji wata murya a shaƙe tana "Ke! Ke!", tana matsowa. Na toshe bakina. An sha gaya mana ramukan nan suna da masu su, "kiran da ba ka san mai shi ba, kada ka amsa". Muryar ta zo kusa, ta wuce, ta fara nisa. Ruwa ya kai ƙirjina. Sannan na ji ta tsage: "Rabi! Rabi ɗiyata!" Na ce ko aljani ne, wanga karo zan amsa.

Inna ce, ba ɗankwali. Ta kwance zanenta ta ƙulla da majanyi, ta kwanta rubda ciki a bakin ramin, ta jawo ni kamar guga. Da na fito ta shafa ni tun daga kai har ƙafa. Sai ta ɗaura zane, ta kau da fuska, ta ce: "Ke, ina ƙwaryata?" Har ta koma ga Allah ba ta sake faɗin sunana ba.

Yanzu ina Zariya wajen ɗana. Jikana, maigidan nawa marar ko akuya, ya nuna mani a salula wasu ƙattai suna gudu bisa dutsi da takalma masu tsada. Na ce mashi ba wanda ya kore su, ba kaya a kai, wanga ai ƙoshi ne. Matan yanzu kuma a tsakiyar titi suke kwaɗa wa ɗan fari kira, ban ce laifi ba ne. Da na shiga karatun manya da furfurata, abin da na fara rubutawa sunana ne. Na karanta shi da ƙarfi, bai yi daɗin na ranar nan ba.

Sau ɗaya ta kira ni, har yau ina amsawa.