Sunan da ke Bayan Rediyon Malam

Mun tashi da asuba daga Tsafe, ni da 'yata wadda ke rubuta mini wannan, don ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na naɗe tsohuwar rediyon marigayi mijina a zane na rungume. A bayanta akwai kalmar Jamusanci, Funkwellen. Wanda ya sayar wa Malam da ita ya gaya masa ma'anarta, shi kuwa ya ƙi gaya mini, sai ya mayar da ita sunana. Shekara arba'in yana kirana Funkwale. Da na ɗauka funkaso yake nufi saboda ƙibata, na sha yin fushi in hana shi fura. Tunda na fita takaba nake son sanin abin da yake ce mini.

Hanya duk ramuka, kuɗin mota ya hau, amma dawa ta yi kyau a gonaki. A Gusau muka karya da waina, muka nufi Sabon Gari wurin wani mai gyaran rediyo. Ya jujjuya ta ya ce gyara ya iya, karatun sai Bungudu, wurin wani tsohon malamin makaranta da ya zauna Jamus.

Mun tarar da shi yana zuba wa awaki harawa. Ya sa tabarau ya ce, "Inna, kalma biyu aka ɗinke. Funk daga Funke yake, tartsatsin wuta, don na'urorin farko da tartsatsi suke aika saƙo. Wellen kuwa igiyoyin ruwa ne. Su ke ɗaukar murya su kai ta nesa."

Na ce, "Babu funkaso a ciki?"

"Ko garin alkama babu. Halan muryarki na kai nisa?"

'Yata ta ce, "Daga madafa take kiran Baba, ya amsa daga gona."

Suka yi dariya. Ni kuka ya ƙwace mini, har matarsa ta kawo mini ruwa.

Mun iso gida kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne a matsa wa mutum da tambaya tun yana da bakin amsawa. Ashe muryata Malam ya raɗa wa suna. Yanzu ko na ɗaga ta, ba ta kai inda yake. Allah ya jiƙansa.