Mita Ɗaya a Barunde

Shekarun baya, ina sabon safiyo mai awon ƙasa, ina yawo a Gombe da hular kwano ko da babu abin da zai faɗo mini a ka, aka ba ni aikin yanka filaye a bakin Barunde. Cikin waɗanda suka saya akwai ƙawar mahaifiyata, 'yar Tangale, malamar firamare da ta yi ritaya. Sun daɗe suna haya a Federal Low-Cost ita da mijinta. Mama nake ce mata, shi kuma Baba. Nasu ne fili na ƙarshe, wanda ya yi iyaka da inda aka ware wa titi.

Bari in yi muku ɗan karatu, ku yi haƙuri. Taswira a shimfiɗe take, ƙasa kuwa a dunƙule. In ka danne ɓawon lemo don ya kwanta a kan tebur, dole wani wuri ya miƙe, wani ya takure. Shi ya sa nisan da ke takarda ba shi ne nisan da ke ƙasa ba, akwai lambar da ake daidaita su da ita. A makaranta mun haddace 0.9996 kamar karatun allo. Abin da ban riƙe ba shi ne wannan lamba ta layin tsakiyar yankin taswirarmu ce, can yamma da mu. Gombe tana kusa da gefe, lambarta ta ɗan haura ɗaya. Ranar da aka koyar da wannan, ina jin ina wajen mai shayi.

Haddata na zuba wa na'ura. Turken gwamnati da na fara awo daga gare shi yana da nisan kilomita ɗaya da rabi daga filin Mama, kowace kilomita kuma tana ƙara mini kuskure ban sani ba. Na kafa turakun siminti, na karkaɗe hannu, Mama ta ba ni kunun gyaɗa tana cewa, "Ɗana ya zama mutum."

Kun san ginin mutanenmu, ba a barin ko taku. A kan turakun da na kafa aka ɗora bango, bangon nan kuma shi ne na ɗakin gaba. Ba su daɗe da tarewa ba Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Sai aka sa masa gado a ɗakin, jikin wata babbar taga mai kallon hanya. Duniyarsa ke nan. Masu zuwa coci su tsaya su gaishe shi, masu fitowa daga masallaci su leƙo, mai Keke ya yi masa hon. Da hannun da ya rage masa yake amsawa.

Bayan shekara shida masu aikin titi suka zo da na'urarsu mai magana da tauraron ɗan Adam, suka shafa jan fenti a bangon. Mama ta kira ni a waya.

"Ɗana, ka zo. Wai mun shiga titi. Na ce musu ɗana ne ya auna, ba ya kuskure."

Na zo da kumfar baki, har ina tambayar injiniyansu a ina ya yi karatu. Bawan Allah sai kawai ya miƙo mini lissafinsa. Na zauna a kan bulo na buɗe tsohon littafin aikina. Ga lambar nan a shafin farko, da rubutun hannuna, har na ja mata layi a ƙasa. Na sake lissafi sau uku ina fatan in ga ba haka ba. Kusan mita guda na tura su cikin titi. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na je ofis na roƙa, na rubuta takarda, na ce laifina ne. Suka ce sun ji, amma nan magudanar ruwa za ta bi, ruwa kuma bai san haƙuri ba.

Mama na tsakar gida tana tsince wake na durƙusa a gabanta.

"Su ne suka yi kuskure, ko?" in ji ta.

"Mama, ni ne."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Na so ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai ta rage murya ta ce, "To, kada Baba ya ji. Kowa ya zo taga sai Baba ya gaya masa kai ka auna mana. Ka bar masa wannan."

Aka rushe bangon. Abin da ya rage na ɗakin bai fi rumbu ba, ko gado ba zai shiga ba. Ni na ɗauki Baba a bayana na kai shi ɗakin ciki, wanda tagarsa ke kallon katangar maƙwabci. Na yi alkawarin gina masa wani ɗakin, amma filin ya cika, babu inda zai kalli hanya. Masu gaisuwa suka yi ta raguwa. Ba mugunta ba ce, ɗaga hannu a taga daban, sallama a shiga gida daban. Baba ya daina neman a tayar da shi zaune. Bai kai shekara biyu a ɗakin nan ba ya rasu.

Mutane kan ce kuskure makaranta ne. Ni dai ban ga abin da na koya da ya kai abin da aka rasa ba. Yanzu ba na kafa turke sai na lissafa lambar wurin da kaina, na gwada da wani turken gwamnati na biyu, amma wannan bai buɗe wa kowa taga ba. Har yau in aiki ya kai ni Barunde, zagaye nake yi don kada in bi ta ƙofar gidan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ziyarar da nake kai masa duk ranar Lahadi da yamma. Yakan kama hannuna, da harshensa da ya yi nauyi ya ce, "Wanda ya raba ni da tagata, Allah ya saka mini. Kai kuwa ɗana, Allah ya yi maka albarka." Mama tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Ni kuma in ce amin, sau biyu.